Sunana Ya Riga Ni Zuwa Kasuwa

Shekara talatin da ɗaya ina awon aya
a rumfar da Baba ya bar mini, bakin Kadro.
Ban taɓa sa hannu a takarda don a yarda da ni ba.
In na ce buhu ɗari, to ɗari ne.
Shaidata ba ta wuce bakina.

Wata Laraba, ina kurɓar shayi,
kamiyo ya tsaya, ya tare mini hasken ƙofa.
Wani dogo ya sauko, gajiyar hanyar Ɗan Isa a idonsa,
ya ce, "Kai ne Tsahiru Ɗan Jimo?"
Na ce ni ne.
Ya ce, "Gambo, daga Dawanau. Na zo lodin kayana."

Wane kaya?
Ya miƙo mini salula.
Ga rumfata, ga allon da Nomau ya rubuta da shuɗin fenti,
har da harafin nan da ya karkace.
Ga buhuna jere, ga sikeli,
ga ni kaina ina dariya ranar sunan jikana.
Sai wata murya ta fito:
"Alhaji, turo rabin kuɗi, kaya na nan."
Ta fi tawa laushi.
Ta iya gaisuwa, ta iya rantsuwa,
ta san farashin bana.

Kofi ya suɓuce mini.

Miliyan uku na sefa ya zuba
a lambar da ban taɓa gani ba.
Muka tsaya cirko-cirko, kamar biyu a gidan makoki
da ba su san wa zai yi wa wani gaisuwa ba.
Shi an kwashe masa kuɗi.
Ni ko ƙwayar aya ba a ɗauka ba,
amma daren nan tuwo ya ƙi wuce wuyana.

Ɓarawon da, katanga yake haurawa,
kare ya yi haushi, gari ya waye a bi sawu.
Na yau ko takalmi bai sa ba.
Yana can kishingiɗe a wata inuwa,
ya zura fuskata kamar rigar aro,
ya ci kasuwa da ita, ya bar mini wankin.

A komisariya aka ce in kawo shaidar ni ne ni.
Na nuna furfura, aka ce ba ta da lamba.
Na ce a tambayi Bagalam kaf, a tambayi liman.
Mai rubutu ya ɗago kai ya ce,
"Baba, wanda ya cuci baƙon nan
shi ma haka ya ce: kowa ya san ni."
Na yi shiru. Gaskiya ɗaci gare ta, ko a bakin ɗana.

Yanzu in na je karɓar kuɗi,
Habsu ce a bayan gilashi,
'yar Ilu mai faci, wadda na ci goron sunanta.
"Baba, kati.
Baba, takardar rajistar shago.
Ɗora yatsa nan. Dubi nan, kada ka ƙifta."
Da a da ne, da na ce, "Ke, ni?"
Yau hula nake turawa baya
don na'ura ta ga goshina.
Kunya takan kama ta, ta sunkuyar da kai.
Nakan ce, "Tambaya, 'yata, tambaya da kyau.
Ƙofar da aka buɗe mini ba tambaya,
ta nan wancan ya shiga."

Kuɗin Gambo ba su dawo ba.
Shi dai ya dawo, kaka biyu ke nan muna ciniki.
Lamba ɗaya, asusu ɗaya, mai hatimi, mai sunana.
Duk da haka in ya kira, ba ma fara zancen buhu.
Sai in ce, "Ranar Larabar nan, me ya zube?"
Ya yi dariya daga can Kano,
ya ce, "Shayinka, a kan takalmina."

Sannan in ce wa yara su fara ɗinkin baki.